Tambaya: yaya garuruwan kwal na Ingila suka riƙe badujalarsu bayan an rufe ramuka?

Tsohon Ɗalibi ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da tambayar da ta kwana biyu tana cina, kuma na san a wannan zaure akwai mazauna Ingila da waɗanda suka yi aikin badujala, shi ya sa na kawo ta nan. A makarantar sakandaren da na yi muna da 'yan badujala waɗanda duk garin ya san su, domin ranar 1 ga Oktoba da ranar yara, 27 ga Mayu, su ne suke shige mana gaba zuwa filin fareti, yara na bin mu a guje har bakin ƙofa. A watan jiya mun je taron tsofaffin ɗalibai, aka buɗe mana sito, sai muka tarar da kayan busar nan jibge a kan karyayyun bencina. Ƙahoni shida ko bakwai sun yi kore, fatar babbar ganga ta yage, babban ƙahon da ake rungumewa kuwa zanzaro ya gina ɗaki a bakinsa. Malamin da yake koyar da busar ya yi ritaya tun da daɗewa, daga baya Allah ya yi masa rasuwa, kuma ba a ɗauki kowa a madadinsa ba.

A wurin taron ra'ayi ya rabu biyu. Wasu suka ce a tara kuɗi a sayo sababbin kaya, wasu suka ce asara ce, domin abin da ya mutu shekara ashirin ba kuɗi ne zai tashe shi ba. Wani daga cikinmu ya ce ya taɓa jin labarin wani ƙauye a arewacin Ingila wanda aka rufe ramin kwal ɗinsa, mutane suka rasa aiki, amma 'yan badujalar ƙauyen suka ci gaba har suka yi suna a duniya. Shin gaskiya ne? Idan gaskiya ne, wa ya riƙe su bayan kamfanin da yake ɗaukar nauyinsu ya tafi, kuma daga ina suka riƙa samun sababbin mabusa?

Baƙon Barnsley ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ƙauyen da abokinka yake nufi shi ne Grimethorpe, yana kusa da garin Barnsley a kudancin Yorkshire, kuma ba ni da nisa da shi. Labarin gaskiya ne, sai dai kafin a kai gare shi ya kamata a san yadda aka yi ƙauyukan ma'aikata na Ingila suka cika da masu busa tun farko.

A ƙarni na 19, lokacin da masaƙu da ramukan kwal suka tara dubban mutane a ƙananan garuruwan arewa, sai aka samu ƙungiyoyin busa iri biyu. Akwai waɗanda mai masana'anta ne ya kafa su ko ya ɗauki nauyinsu. Misalin da aka fi sani shi ne na Black Dyke a Queensbury, inda a 1855 mai masaƙa John Foster ya sayi kayan busa da yunifom, ya ba su ɗakin atisaye, sunan masaƙarsa ya zama sunansu. Akwai kuma waɗanda jama'ar gari ne suka yi karo-karo suka kafa, kamar ta Brighouse da Rastrick wadda ta faro a 1881 kuma har yau take alfahari da cewa ba ta taɓa zama mallakar wani kamfani ba. Wasu ƙungiyoyin daga coci suka fito, wasu kuma masu yaƙi da shan giya ne suka kafa su, domin a samar wa ma'aikaci abin yi da yamma wanda zai hana shi zaman mashaya. Abin da ya ƙara hura wutar lamarin shi ne gasa. A 1853 aka fara babbar gasa a Belle Vue da ke Manchesta, a 1900 aka fara gasar ƙasa a Crystal Palace a Landan, kuma jirgin ƙasa ya sauƙaƙa wa 'yan ƙauye bin mabusansu duk inda za su je, kamar yadda ake bin 'yan dambe a wurinmu.

Ta Grimethorpe an kafa ta ne a 1917, ma'aikatan ramin ne suka kafa ta. Bayan gwamnati ta karɓe ramukan kwal a 1947 sai alaƙar ta ƙara ƙarfi, domin gwanin busa yakan samu aiki a ma'aikatar, a kuma sassauta masa lokaci saboda atisaye da tafiye-tafiye. A shekarun 1970 sun kai matsayin da manyan masu tsara kiɗa na zamani suke rubuta musu, har Harrison Birtwistle ya rubuta wani kiɗa da sunan ƙauyen a 1973. Daga nan sai aka shiga dogon yajin aikin 1984 zuwa 1985, wanda ƙungiyar mahaƙa ƙarƙashin Arthur Scargill ta yi shekara guda tana ja da gwamnatin Margaret Thatcher, ƙungiyar kuma ta sha kaye. Ramuka suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Ranar 13 ga Oktoba, 1992, minista Michael Heseltine ya sanar da cewa za a rufe ramuka 31, kuma Grimethorpe tana cikin jerin. Kwana huɗu bayan haka, ranar 17 ga wata, waɗannan mutanen da suka san aikinsu ya ƙare suka hau dandalin Royal Albert Hall a Landan a gasar ƙasa, ƙarƙashin jagorancin Frank Renton, suka samu maki 99 cikin 100, suka ɗauki kofi. Nasarar ba ta hana komai ba, a 1993 aka rufe ramin. Wanda ya san yadda Kakuri ta koma bayan mutuwar masaƙun Kaduna zai gane halin da ƙauyen ya shiga: shaguna a rufe, gidaje babu kowa, samari na zaman banza, sai ƙwaya ta samu ƙofa.

Abin da ya riƙe mabusan shi ne sunan da suka riga suka yi. Ana gayyatarsu wasa ana biyansu, a tsakiyar shekarun 1990 kamfanin Richard Budge wanda ya sayi sauran ramukan ya ɗauki nauyinsu, sannan a 1996 aka fitar da fim ɗin Brassed Off wanda aka gina a kan labarinsu, su ne kuma suka busa kiɗan da ke cikinsa. Bayan fim ɗin ne duniya ta san su sosai. Sun sake cin gasar ƙasa a 2006 da 2007, sun kuma yi busa a bikin buɗe wasannin Olamfik na Landan a 2012. Har yau kalmar ramin kwal tana cikin sunansu, alhali ramin kwal mai zurfi na ƙarshe a Birtaniya, wato Kellingley, tun Disambar 2015 aka rufe shi.

Tsohon Banmasta ya amsa:

Ɗana mai tambaya, Allah ya yi maka albarka da ka damu da waɗannan kaya. Malam na Barnsley ya kawo tarihi daidai, amma da izininsa zan ce Grimethorpe ba ita ce madubin da ya kamata ku duba ba. Ƙungiyar da ta kai wannan matsayi ba 'ya'yan ƙauye kaɗai take ɗauka ba, gwanaye ne suke tuƙo mota daga garuruwa masu nisa su zo atisaye su koma. Suna ya rayu, babu shakka, amma makarantarku ba ta da suna irin wannan, ba kuma wanda zai yi fim a kanta. Abin da ya shafe ku shi ne dalilin da ya sa leburan da ya wuni a ƙarƙashin ƙasa, hannunsa duk kanta, ya iya zama gwanin busa, kuma dalilin yana jikin kayan ne.

Ka duba kakakin fada. Dogon bututu ne kawai, iyakar muryoyin da zai bayar 'yan kaɗan ne, kuma duk da leɓe ake samo su. Bigilar soja ma haka take. Abin da ya canza komai shi ne bawul, wanda wasu Jamusawa biyu, Stölzel da Blühmel, suka ƙirƙiro wajen 1815, sannan Adolphe Sax ya zo a shekarun 1840 ya ƙera ƙahoni dangi guda, daga ƙarami har babba, duka a kan tsari ɗaya. Kowane bawul idan ka danna shi yana buɗe wa iska ƙarin hanya, bututun ya ƙara tsawo, murya ta yi ƙasa. Da bawul uku da yatsu uku na hannun dama za ka samu duk muryoyin da kake bukata. Goge irin na Turawa sai yaro ya yi shekaru kafin a iya sauraronsa ba a toshe kunne ba, amma konet, wato ƙaramin ƙaho mai bawul, idan yaron yana da naci, cikin 'yan watanni zai bi sahu a maci.

Turawan Ingila sun ƙara wata dabara a kan wannan. Cikakkiyar badujalarsu mabusa 25 ce, ban da masu ganga: konet goma har da ƙaramin nan mai siririyar murya, sai ƙahonin tsakiya, da yufoniyam biyu masu kaurin murya, da turombon uku waɗanda ake ja da tura bututunsu, da tuba huɗu, wato manyan ƙahonin da ake rungumewa. In ka cire turombon mafi kauri, duk sauran a kan tsarin rubutu ɗaya ake rubuta musu kiɗa, kuma masu bawul duka danna yatsunsu iri ɗaya ne. Ma'ana, yaron da ya fara da konet, idan aka ga leɓensa ya fi dacewa da babban ƙaho, ko kuma mai tuba ya bar gari, sai a miƙa masa wancan ya ci gaba ba tare da ya koma farko ba. Mutum ɗaya da ya san aikin zai iya koyar da dukan sahun. Sannan kayan na ƙungiya ne, aro ake ba yaro ya tafi da shi gida, uban bai sayi komai ba. Ta nan sababbin mabusa suke fitowa, kuma ta nan ne makarantarku ta mutu, domin an ɗora komai a kan malami ɗaya, da ya tafi sai aka rufe sito.

Game da kayan da kuka gani, kada wanda ya yi gaggawar kai su wurin 'yan gwangwan. Koren da ke jikin tagulla yawanci a sama yake. A kwance bawul ɗin ɗaya bayan ɗaya, a lura da lambar kowanne domin kada a musanya musu gida, a jiƙa ƙahon cikin ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulun wanke kwano. Ruwan zafi yana ɓare fentin da ke jiki. Abin da ya fi lalacewa shi ne sifirin da 'yan ƙananan zoben auduga da toshiyar magudanar yawu, kuma waɗannan ba su da tsada. Idan bakin busa ya maƙale, kada a sa masa filaya. Na ga ƙaho mai kyau da wani mai ƙarfin hali ya murɗe wa wuya ta haka, gyaran da ya fi ƙarfin maƙerin garin. A sa man bawul na ainihi, ba man keken ɗinki ko baƙin mai ba, a kuma ɗinka wa kowanne jaka saboda ƙurar hunturu. Wanda aka ga ɗigon ja-ja ya huda shi a wuya, wannan kam ya tafi.

Maman Biyu ta amsa:

Sannu da ƙoƙari, Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ina goyon bayan maganarka, kuma zan ƙara da abin da na gani da idona, domin muna zaune ne a Oldham, kusa da ƙauyukan Saddleworth da ke kan tuddai tsakanin Manchesta da Yorkshire.

Kowace shekara, ranar Juma'ar farko bayan bikin Fentikos na Kirista, wato a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, ƙauyukan nan kamar Delph da Dobcross da Uppermill da Greenfield kowanne yana shirya gasarsa, al'adar da ta faro tun ƙarni na 19. Daga la'asar har wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ƙungiyoyi fiye da ɗari suna zagayawa cikin manyan motocin safa, kowacce tana ƙoƙarin ta halarci ƙauyuka da yawa gwargwadon iko. Idan mota ta tsaya sai wani ya diro da gudu ya je ya yi rajista, sauran su jeru a kan titi, su yi maci suna busa, yaro na gabansu riƙe da allo mai sunansu. Daga nan sai su shiga fili su tsaya a da'ira su busa kiɗan gasa. Alƙalin yana cikin wata 'yar rumfar mota, labule a sauke, ba ya ganin kowa. Usur kawai zai busa a fara, ya rubuta makinsa a kan abin da kunnensa ya ji, bai san ko zakarun ƙasa ne a gabansa ba ko 'yan makaranta.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wata ƙungiyar yara da na gani a Dobcross. Akwai wata yarinya wadda ba za ta wuce shekara tara ba, jakit ɗin yunifom ya yi mata yawa har an naɗe hannun sau biyu, a gefenta kuma wani dattijo mai furfura yana busa irin ƙahonta, yana ɗan karkata mata kafaɗa duk lokacin da za a shiga sabon layi. Ruwan sama na sauka, takardar kiɗan da ke maƙale a kan ƙahonta tana cikin leda. Bayansu kaɗan sai ga ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin ƙasar ta shigo fili ɗaya, gaban alƙali ɗaya.

Maƙwabciyata tana cikin kwamitin wata ƙaramar ƙungiya, kuma daga wurinta na fahimci inda kuɗin yake fitowa. Mabusan ba a biyansu, su ne ma suke biyan kuɗin wata. Lokacin Kirsimeti suna tsayawa a ƙofar manyan kantuna cikin sanyi suna busa, bokiti a gabansu. Suna wasa a wuraren shaƙatawa da rani, suna jagorantar jerin gwanon tunawa da sojoji a watan Nuwamba, iyaye mata suna sayar da shayi da kek. A tsakiyar shekarun 1990 ƙungiyoyi da dama sun samu tallafi daga asusun cacar ƙasa suka sauya tsofaffin kayansu, amma wannan sau ɗaya ne, bokitin kuwa kowace shekara. Kusan kowace ƙungiya da ta tsaya da ƙafarta tana da ajin koyo na yara a wani dare daban. Kuma kada a manta, da can wannan harka ta maza ce zalla. Shigar mata da 'yan mata ta cike kujeru masu yawa da za su zauna babu kowa bayan masana'antu sun tafi. An kuma raba gasa mataki biyar, daga na zakaru har na huɗu a ƙasa, ana hawa ana sauka kamar a ƙwallon ƙafa, saboda haka ƙaramar ƙungiya tana da abokan karawa daidai ita, tana da abin da za ta yi wa atisaye.

Baƙon Barnsley ya sake amsawa:

Na karɓi gyaran Baba, ban kuma ja da shi ba, sai a wuri ɗaya. Sunan da ya rayu ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da aka rushe musu komai. A gundumar Durham akwai taron mahaƙa da ake yi tun 1871, ranar Asabar ta biyu a watan Yuli, inda kowane ƙauye yake shigowa birni da babbar tutarsa, badujala na gaba. Da aka rufe ramukan ƙarshe na gundumar a farkon shekarun 1990 mutane da yawa sun ɗauka taron ya ƙare, amma ƙauyuka suka riƙa tara kuɗi suna gyara tsofaffin tutoci ko ɗinka sababbi, yanzu taron ya koma cika maƙil. Easington, wadda aka rufe raminta a 1993, har yau tana da mabusanta da sunan ramin. A wurin taron ana busa wani kiɗan jimami mai suna Gresford, wanda wani mahaƙi, Robert Saint, ya tsara domin tunawa da mutum 266 da suka mutu a haɗarin ramin Gresford a Wales a 1934. Na tsaya a cikin taron lokacin da aka busa shi, na ga ƙarti sun cire hula, jikokin da ba su taɓa ganin kwal ba sun yi tsit. Idan tsofaffin ɗalibanku har yanzu suna tuna macin da ake busa muku ranar 1 ga Oktoba, to wannan tunawar ce za ta sa su buɗe aljihu a shekara ta biyu da ta uku, bayan ɗokin farko ya wuce.

Tsohon Ɗalibi ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na tura wa shugaban ƙungiyarmu duk abin da kuka rubuta, mun kuma yi magana da daddare. Mun tsayar da cewa ba za mu sayi komai ba tukuna. Ranar Asabar mai zuwa mu huɗu za mu koma siton da bokitai da sabulu da tsummoki, mu ƙirga abin da zai tashi da abin da ba zai tashi ba. Akwai wani ɗan sanda mai ritaya a unguwarmu wanda ya yi shekaru a badujalar 'yan sanda, za mu je mu gaishe shi mu ji ko zai yarda ya riƙa zuwa sau biyu a mako, mu kuma mu ɗauki nauyin kuɗin motarsa da ɗan abin goro. Shugaban ya ce sharaɗin da zai gindaya wa hukumar makarantar shi ne a haɗa shi da malamai biyu matasa su koya tare da yaran, kuma a buɗe wa ɗalibai mata.

Baba, saura tambaya ɗaya. Biyu daga cikin ƙahonin bawul ɗinsu na tsakiya ya ƙafe, ko motsi ba ya yi. A bar su cikin ruwan sabulun su kwana, ko akwai wani abin da ake ɗiga musu kafin a gwada cirewa?